Gam, rami, sukuru ko kofin ƙarfe: ta wace hanya za ka ɗaura maganaɗisu a jikin alminiyam a Legas?

Duk mai aikin alminiyam a Legas, a Dopemu yake ko a wani lungu na Agege ko Idi-Araba, wata rana sai an kawo masa aikin da ke buƙatar maganaɗisu. Ƙofar shogilas ɗin mai sayar da waya da ake so ta riƙa kama kanta, ragar sauro da za a riƙa cirewa ana wankewa, allon talla da ake canza masa fuska, murfin akwatin batirin sola. Tunda maganaɗisu ba ya kama alminiyam ko kaɗan, dole a samo abin da zai riƙe shi a wurin. Hanyoyin da ake bi biyar ne: a manna shi da gam, a haƙa masa gurbi, a ɗaure shi da sukuru, a sayi wanda ke cikin kofin ƙarfe, ko a juya lissafin gaba ɗaya a sa fallen ƙarfe a jikin alminiyam ɗin. Kowace tana da inda take yi da inda take ba da kunya.

Abin da ke tsakanin su biyu

Je ka Owode Onirin, kusa da Mile 12, ka tsaya wajen masu sayen gwangwan. Za ka ga yaro riƙe da maganaɗisun tsohuwar lasifika yana goga shi a jikin duk abin da aka sauke daga baro. Wanda ya kama baƙin ƙarfe ne, a wurga shi gefe. Wanda bai kama ba sai a duba launi a ɗaga a ji nauyi: in fari ne sakayau, alminiyam ne, kuɗinsa daban. Daga irin wannan gani ne mutane ke ɗauka cewa alminiyam na tare ƙarfin maganaɗisu. Ba ya tarewa. Ƙarfin yana ratsa shi ya wuce abinsa. Masana suna da adadin da suke auna yadda abu ke karɓar layukan maganaɗisu da shi: na iska 1 ne, na alminiyam kusan 1.00002, na baƙin ƙarfe kuwa ɗaruruwa ne zuwa dubbai. A wajen maganaɗisun da ke zaune wuri ɗaya, da alminiyam da iska duk ɗaya ne.

Abubuwa uku ke biyo bayan wannan. Alminiyam ba zai raunana maganaɗisunka ba ko shekara nawa suka yi tare. Ba zai ƙara masa komai ba kuma, saɓanin baƙin ƙarfe wanda in yana bayansa yake tattara layukan da ke tsiyaya ta baya ya dawo da su gaba. Na uku shi ne wanda ya fi cin masu aiki: duk kaurin alminiyam da ya shiga tsakanin maganaɗisu da abin da zai kama, tazara ce. Milimita 2 na alminiyam daidai suke da milimita 2 na sarari, kuma ƙaramin maganaɗisu yana zubar da mafi yawan ƙarfinsa a tazarar da ido ke rainawa.

In motsi ya shigo, labari ya canza. Samu guntun bututun alminiyam mai kauri, ka tsayar da shi, ka saki maganaɗisun neodimiyam, irin ƙananan nan masu sheƙi da ƙarfin gaske, mai kusan cika bakinsa. Maimakon ya faɗo tim, sai ka leƙa ka gan shi yana sauka a hankali kamar cikin zuma aka jefa shi, bai kuma taɓa jikin bututun ba. Dalili shi ne alminiyam na ɗaukar wutar lantarki sosai, kusan kashi 61 cikin ɗari na abin da jar waya ke ɗauka. Maganaɗisu mai motsi yana haifar da wuta mai kewayawa a cikin jikinsa, wutar kuma ta haifar da nata ƙarfin da ke adawa da motsin. Michael Faraday ne ya gano tushen abin a 1831, Heinrich Lenz ya bayyana wannan adawar a 1834. Wanda ya girma da tsohuwar mitar NEPA mai faifai ya ga abin da idonsa: faifan nan da ke juyawa na alminiyam ne, maganaɗisun da ke gefensa kuma shi ne birkinsa.

Ga ƙofar shogilas ko ragar taga, wannan bai shafe ka ba, motsin hannu bai kai ya kawo ba. Inda zai shafe ka shi ne abin da ke juyawa da gudu, kuma za mu zo kansa.

Ma'aunan da za a ɗora kowace hanya a kai

Riƙo ne farko. Lambar da ke jikin kwali, a ce kilo 10, an samo ta ne a gwajin da aka kifa maganaɗisun a kan farantin ƙarfe mai kauri, sumul, ba fenti, aka ja shi kai tsaye. In a tsaye ka sa shi, nauyi na jansa ƙasa, abin da zai riƙe kafin ya zame kusan kashi ɗaya ne cikin biyar. Mai kilo 10 ya koma mai kilo 2 ke nan. In fallen da zai kama siriri ne, ko an yi masa fenti mai kauri, sai ka sake ragewa.

Sai danshi, wanda a ganina shi ne mai yanke hukunci a garin nan. Laimar iskar Legas takan wuce kashi 80 cikin ɗari, ga gishirin teku a Lekki da Ajah da Apapa da Badagry. Neodimiyam akasarin jikinsa ƙarfe ne, yana tsatsa da wuri, shi ya sa ake lulluɓe shi da siririn rufi hawa uku: nikel, jan ƙarfe, nikel. Da zarar rufin ya ƙwarzane, laima ta shiga, sai ka ga ya kumbura yana ɓarewa, cikin na zuba kamar gari. Ga kuma fitina ta biyu: in ƙarfe iri biyu suka haɗu, ruwa mai gishiri ya ratsa tsakaninsu, sai su zama ƙaramin batir, ɗayan ya riƙa cinyewa. Tsakanin nikel da alminiyam, alminiyam ne ke cinyewa. Farin garin nan da kake gani kewaye da sukuru a tsohuwar taga, aikinsa ke nan. Haɗin da zai shekara da shekaru a Kano ko Sakkwato bai ce uffan ba, a Ajah damina kaɗan ta isa ta tona masa asiri.

Zafi na uku. Neodimiyam na gama-gari, mai lamba N35 zuwa N52 ba tare da wani harafi a baya ba, iyakarsa digiri 80 ne, kuma sirara sukan fara rasa ƙarfi tun kafin nan. Abin da ya rasa in ya wuce iyaka ba ya dawowa don ya huce. Mai harafin M yana kai wa 100, H 120, SH 150. Baƙin nan na lasifika, ferait, yana jure har wajen 250, ba ya tsatsa, ga araha, sai dai ƙarfinsa bai kama ƙafar neodimiyam ba, dole ka sa babba. Alminiyam kuma yana tafiyar da zafi fiye da baƙin ƙarfe ninki uku zuwa huɗu, saboda haka firam ɗin da ke taɓa jikin janareta zai kai wa maganaɗisunka zafin har gida. Yana kuma buɗewa: sanda mai tsawon mita 1 tana ƙara kusan milimita 0.7 in zafi ya hau da digiri 30, baƙin ƙarfe rabin haka, neodimiyam kuwa da ƙyar yake motsi.

Sauran su ne sauƙin aiki, kuɗi da haɗari. Kusan duk neodimiyam daga China ake shigo da shi, farashinsa na bin dala, don haka a teburin da ke ƙasa na jera hanyoyin ne daga mai araha zuwa mai tsada.

Gam kawai

Ita ce mafi araha kuma mafi sauri, shi ya sa kowa ke fara da ita. Ba huda, ba inji. Ga abu mara nauyi da ke cikin ɗaki, tana yi. Amma fuskokin biyu duka masu gardama ne: nikel santsi gare shi, alminiyam kuma yana yin wata siririyar fata da zarar iska ta taɓa shi. Sai ka goge duka biyun da tina ko sifirit, ka ɗan ƙwarzani alminiyam ɗin da samfefa, ka shafi nikel ɗin sama-sama don kada ka fasa rufin, ka sake gogewa, ka manna nan take. In firam ɗin mai fenti ne, ka sani fentin ka manna wa, ba alminiyam ba. Ranar da fentin ya saki, maganaɗisu ya tafi da shi.

A wani shago na ji yaro yana cewa, "Oga, mu sa sufa gulu mana, minti ɗaya ya kama." Maigidan bai ɗago ba ya ce, "Ƙofar kuma sau nawa za ta bugu a rana?" Tambayar ke nan. Sufa gulu in ya bushe ƙamas yake, ba ya son bugu, ba ya son laima, kuma duk rufe ƙofa bugu ne. Gam mai haɗi biyu irin Araldite ya fi, musamman mai jinkirin nan da ke son kwana ɗaya cur kafin ya gama kamawa. Mai minti 5 bai kai shi ƙarfi ba. Gam na bindiga kuwa a bar shi, narkakkensa ya wuce digiri 80 nesa, yana iya kashe siririn maganaɗisu tun kafin a fara aiki da shi. Salatif mai fuska biyu na gaske, irin VHB na 3M, yana da kirki ga faffaɗan maganaɗisu mara kauri, don yana miƙewa tare da alminiyam ɗin, amma kasuwa cike take da jabunsa.

Wata dabara da ratsawar nan ke ba ka kyauta: in alminiyam ɗin siriri ne, sa guntun ƙarfe a bayansa daidai inda ka manna. Maganaɗisun zai ja shi ta cikin alminiyam ɗin, ya matse kansa da kansa har gam ya bushe. Kuma kafin ka shafa gam, yi wa fuskar kowane maganaɗisu alama da maka. In biyu za su haɗu aka juya ɗaya, ture juna za su riƙa yi, gam kuma ya riga ya bushe.

Alherin gam da ba a cika faɗa ba shi ne, in ya rufe fuskar duka, yana raba nikel da alminiyam, cinyewar nan ba ta samun hanya. Rauninsa kuma shi ne duk jan da ake yi a kansa yake ƙarewa, gefunan maganaɗisun kuma a buɗe suke ga ruwa da bugu.

Gurbi a cikin alminiyam

A nan ana haƙa rami daidai faɗin maganaɗisun, a zuba gam mai haɗi biyu, a nutsar da shi. Bangon ramin ne ke ɗaukar jan gefe, ba gam ba, gefuna kuma sun samu kariya. In ka nutsar da shi ƙasa kaɗan da baki, kamar rabin milimita, ka rufe da gam, to ba ya shan bugu kai tsaye, laima ma ba ta ganinsa. Wajen tsafta da daɗewa, babu kamar wannan hanya.

Sharaɗinta shi ne nama. Firam ɗin taga da shogilas da ake yankawa a Dopemu cikinsa fanko ne, kaurin jikinsa sau da yawa milimita 1 ne ko kusa da haka, babu inda za a haƙa. Allon nan na talla mai milimita 3 ko 4, wanda kowa ke kira Alucobond, fatar alminiyam ce siririya sama da ƙasa, tsakiyarsa roba. Gurbi sai a faranti mai kauri ko sanda cikakkiya, kuma sai da injin huda na tsaye ko wajen mai injin sassaƙa ƙarfe. Kuɗin aikin yakan fi na maganaɗisun.

Wasu suna yin ramin matsattse su buga maganaɗisun ciki ba gam. Ban yarda da wannan ba. Neodimiyam gaggautsa ne, guduma na fasa shi ko ta ɓare rufinsa. Ko ya shiga lafiya, rana na dukan farantin ramin zai buɗe, maganaɗisun kuma bai buɗe ba, riƙon ya saki. Ga nikel manne da alminiyam tsirara, abin da gishiri ke nema.

Akwai kuma gurbin ɓoye, wanda ake haƙawa ta baya a bar siririn alminiyam a gaba don kada a ga komai. Yana da kyan gani ƙwarai, kuma jan da kansa yana danna maganaɗisun cikin ramin maimakon ya fizgo shi. Sai dai abin da ka bari a gaba tazara ce. Bar shi siriri iyakar yadda zai yiwu, ka ƙara girman maganaɗisun, ka gwada da guntun falle mai wannan kaurin kafin ka huda aikin mutane.

Maganaɗisu mai huda, da sukuru

Ana sayar da masu rami a tsakiya wanda kan sukuru ke nutsewa ciki. Amfaninsu a fili yake: in ya lalace ka kwance ka sa wani, babu jiran gam, babu ruwanka da fenti. Kuɗinsu ya ɗan ɗara na marasa huda.

Kada ka ce za ka huda naka da kanka. Zai fashe, zafin hudar zai rage masa ƙarfi, garinsa kuma yana kama wuta. Haka walda kusa da shi, kashe shi take yi.

Haɗarin wannan hanya a hannun mai ɗaurewa yake. Kan sukuru yana buɗa ramin ta ciki, juyi ɗaya na ƙari sai ka ji ƙas, ya rabe biyu. Da sukundireba ta hannu ake ɗaurewa, a tsaya da zarar ya zauna. Ribit ma kan fasa shi lokacin da bindigar ta tsinke. Sannan siririn firam ba ya riƙe zaren sukuru da daɗewa in ana jansa kullum. Gara a ratsa da noti ta baya in hannu zai kai.

Wane sukuru? Na tagulla shi ne mafi muni a jikin alminiyam in da laima. Na baƙin ƙarfe mai rufin tutiya ba ya cin alminiyam, amma rufin na ƙarewa ya fara zubar da tsatsa. Na sitenles shi ne zaɓina, da sharaɗin a shafa masa giris ko silikon kafin a ɗaura, a kuma sa siririyar roba ko fenti tsakanin maganaɗisun da firam. Wannan ƙaramin aikin ne ke raba wanda za a dawo masa da kaya da wanda ba za a dawo masa ba.

Mai kofin ƙarfe

Wannan maganaɗisu ne da aka zaunar cikin ɗan kofi na baƙin ƙarfe tun daga masana'anta, fuska ɗaya kawai a buɗe. Kofin yana yi masa abin da alminiyam ba zai iya ba: yana kwaso layukan baya ya fito da su ta bakinsa, sai fuska ɗaya ta ƙunshi bakunan maganaɗisun biyu, da ake kira arewa da kudu, gaba ɗaya. In ya kifu a kan ƙarfe kai tsaye, riƙonsa ya fi na tsiraran ɗan'uwansa mai girma ɗaya nesa ba kusa ba. Kofin ne kuma ke shan bugu da matsin sukuru, don haka fashewa ta ragu sosai. Bayansa kusan babu ja, abin da ke da amfani in akwai waya ko na'ura a kusa.

Yana da aibi biyu. Ƙarfinsa na kusa ne. Da an samu tazara sai ya faɗi da sauri fiye da na tsirara, saboda haka bai dace da gurbin ɓoye ko ja ta cikin allo ba. Kofin kuma yana tsatsa in rufinsa ya tafi. Ga aikin waje akwai mai rigar roba, wanda shi ne mafi tsada a jerin nan, amma ya magance abu uku a lokaci guda: ruwa ba ya shiga, ƙarfe ba ya taɓa alminiyam, robar kuma tana hana zamewa a tsaye.

Wanda aljihunsa bai kai ba, ya leƙa Computer Village a Ikeja ya nemi matattun ma'ajin bayanai na kwamfuta, wato hard disk, irin masu faifai. A cikin kowanne akwai neodimiyam mai lanƙwasa, manne a kan farantinsa na ƙarfe, sau da yawa har da ramukan sukuru. Kada ka ɓamɓare shi daga farantin, nan ne rufin ke tsagewa. Ɗaura shi yadda yake. Ba shi da kyan gani, amma a cikin murfin akwati wa zai gani? Ita ma ƙaramar makamar ƙofar kabad da ake samu wajen masu kayan kafinta wannan tsarin ne: ferait tsakanin fallayen ƙarfe biyu cikin gidan roba, kuma ga ƙofar shogilas ta wadatar.

Juya lissafin: ƙarfe a jikin alminiyam

Sau da yawa tambayar ce aka yi ta a karkace. In ɗaya ɓangaren katako ne ko ƙarfe ko bango, me zai sa ka wahalar da kanka? Sa maganaɗisun a can, ka ɗaura ɗan fallen ƙarfe a jikin alminiyam ɗin da ribit ko sukuru. Falle ba ya fashewa, ba ya tsoron zafi, kuɗinsa kaɗan ne, kuma babu batun juya fuska. Ya kasance ya fi maganaɗisun faɗi, kaurinsa milimita 2 ko fiye ga ƙananan aiki, don siriri ba ya ɗaukar dukan ƙarfin. Mai rufin tutiya ya fi zama lafiya da alminiyam, a shafe bakin da aka yanka da fenti. In sitenles kake so, tafi kasuwa da maganaɗisu a aljihu: lamba 430 yana kamawa, 304 da 316 kusan ba sa kamawa, kuma a ido duk ɗaya suke.

Ƙanwar wannan hanya ita ce a sa maganaɗisu biyu su kama juna ta cikin falle, ɗaya gaba ɗaya baya. Ba huda, ba gam, ana iya matsar da shi kullum. Tana yi ga kwanon rufi na alminiyam ko siririn allo, ga abu mara nauyi. In aka cire na gaba, na baya faɗuwa yake yi, sai an manne shi.

| Hanya | Kuɗi | Riƙo | Jure laima | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gam kawai | mafi araha | matsakaici | rauni a waje | mai sauƙi | ɓallewa da bugu |
| Fallen ƙarfe a alminiyam | araha | mai kyau | mai kyau in an yi fenti | mai sauƙi | tsatsar falle |
| Mai huda da sukuru | matsakaici | matsakaici | sai an raba su da roba | mai sauƙi | fashewa wajen ɗaurewa |
| Gurbi da gam | kuɗin aiki da yawa | mai kyau | mafi kyau in an rufe | sai da inji | juya fuska, ba gyara |
| Kofin ƙarfe | mai tsada | mafi ƙarfi a kusa | mai kyau, mai roba ya fi | mai sauƙi | matse yatsa |

Maganar yatsa ba wasa ba ce. Manya biyu in suka fizgi juna suna fasa fata, ɓarɓashi kuma na iya tashi zuwa ido. Ta gefe ake zame su, ba a ɓamɓara. Ƙananan kuwa a nesanta su da yara, don yaron da ya haɗiye biyu suna iya kama juna ta cikin hanji su huda shi, sai an yi tiyata. Mai na'urar daidaita bugun zuciya kada ya raɓe su. Kuma wanda ke duba alƙibla da wayarsa kusa da ƙofar da aka sa wa maganaɗisu, ya matsa gefe tukuna, firam ɗin alminiyam ba zai kare kamfas ɗin wayar ba.

Wace ta dace da wa

Mai shogilas a cikin shago, a Agege ko Obalende, makamar kabad ta ferait da fallenta ta ishe shi. Kada ya ɓata kuɗi a neodimiyam, ƙarfinsa ma yana iya sa a riƙa fizgar ƙofar gilashi da ƙarfi.

Ragar sauro mai cirewa: ƙananan masu kofi a jikin firam ɗin taga, fallaye a jikin ragar, sannan a sa ɗan tudu a ƙasa da ragar za ta zauna a kai. Tudun ya ɗauki nauyi, maganaɗisu ya hana ta faɗowa gaba kawai. Da wannan tsarin, ƙanana huɗu sun yi aikin da manya za su kasa.

Allon talla ko fitilar sola a waje, balle kusa da ruwa: mai rigar roba, sukurun sitenles da silikon. In abin yana sama da kawunan mutane, a ƙara masa waya ko sarƙa, don iskar da ke zuwa gaban hadari ba ta duba lambar kwali. Gam kawai ba shi da wuri a nan.

Murfin gidan janareta ko wani abu kusa da salansa: ferait, ko neodimiyam mai H ko SH in ka amince da mai sayarwa. Mafi sauƙi ma, falle a ɓangaren zafi, maganaɗisu a ɓangaren sanyi.

Mai ƙera kayan ado ko akwati mai tsada da ba a son ganin komai a fuskarsa, gurbin ɓoye da tsiraran neodimiyam, ba mai kofi ba.

Sai masu haɗa abin da ke juyawa, irin ƙaramin injin iska ko dinamo na gida. Faifan alminiyam da ke juyawa tare da maganaɗisunsa ba ya yi musu birki, tunda tare suke tafiya, kuma rashin nauyinsa na da daɗi: kusan kashi ɗaya cikin uku na baƙin ƙarfe. Amma ba ya dawo da layukan baya, sai wutar da kake samu ta ragu ƙwarai. Shi ya sa masu wannan aiki ke sa faifan baƙin ƙarfe a bayan maganaɗisan. Alminiyam ɗin da ke tsaye kusa da su kuwa, ko murfi ne ko abin riƙe naɗin waya, shi zai zama birki, ya ɗau zafi, ya cinye ƙarfin da ka sa. A wannan wurin katako ko roba ko faiba ake sawa. Gam kaɗai ma ba ya isa, gudu na neman cilla su waje, sai da gurbi ko zobe da zai tare su ta gefe. Wanda kuma yake tara maganaɗisu don ya haɗa janaretan nan da ake cewa ba ya shan mai ba ya buƙatar rana ko iska, ya adana kuɗinsa ya ƙara a na fanel ɗin sola: maganaɗisu yana juya ƙarfin da aka ba shi ne zuwa wuta, ba ya ƙirƙiro nasa, ko a jikin me aka ɗaura shi.